Tsayuwa a Kan Dogon Dabinon Alhaji Bature

Ku yaran yanzu kuna ganin hawan dabino wasa ne. Kwanan baya ɗayanku ya zo gona da farin takalmi, ya ga na sauko, ya ce mini da Larabci ai wannan ko shi zai iya. Na miƙa masa ɗamara. Ya juya ta, ya sake juya ta, ya rasa ina ne gabanta. Ban yi masa dariya ba. Ni ma haka na zo.

Dabinon da kuka sani gajeru ne, an dasa su a layi, motar ɗaga mutum tana shiga tsakaninsu. Ni a kan tsofaffi na koya, waɗanda in kana sama kake ganin raƙumi kamar akuya.

Aikin farko da aka ba ni a Haibar, arewa da Madina, shi ne cire ƙaya. Daga Nijar na zo da takardar kiwo, aka sa ni gona. Aka haɗa ni da Ammu Dauda, wato Baffa Dauda, Bahaushen Sudan, gajere, mai ƙafa kamar faskare. Ya ba ni lauje, ya nuna mini wani ƙaramin dabino, ya tafi. Kowane reshe yana da ƙaya a gindinsa, tsawon yatsa, wata ta fi. In ta shige ka, ba jinin ne damuwa ba, kumburin ne. Kafin azahar hannuna ya zama kamar burodi. Ammu ya dawo ya duba.

"Kai ɗan Nijar, dabinon na ce ka aske ko kanka?"

"Ammu, ƙayar ce da yawa."

"Da yawa take tun kafin a haifi kakanka. Daga ƙasa ake bin ta, ba daga sama ba. Sake."

Shekara ta zagayo kafin ya bar ni in bar ƙasa. Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ɗamara, igiya mai kauri da faffaɗan baya, wadda ake zagaya ta da kai da itacen gaba ɗaya. Akwai lauje. Akwai ƙafa, ba takalmi. Gindin rassan da aka yanke a baya, karab ake ce musu, su ne matakala. Ka jingina a ɗamara, ka taka, ka saki bayanka, ka wurga igiyar sama, ka sake jingina. Ɗamararka kai kake saƙa ta, kai kake duba ta kowace safiya, ba ka ara, ba ka ba da aro. Na san mutum ɗaya da ya ari ta wani. A Badar aka rufe shi.

Auren dabino shi ne babban aikin shekara, ƙarshen sanyi. Larabawa na ce masa talƙihi. Ka yanko furen namiji, ka hau macen, ka buɗe nata, ka cusa, ka ɗaure. In ka makara da kwanaki kaɗan, ta yi maka 'ya'yan da ko jaki ba ya so. Bayan nan a rage nonon, a ɗaure shi kada nauyi ya karya shi, a rufe shi da raga saboda tsuntsu, sannan a yi girbi cikin zafin da ƙarfe ke ƙona hannu. Masu gona iri-iri ne. Akwai wanda ke zama cikin mota da sanyi yana nuna maka da yatsa. Akwai wanda ya san kowane itace da sunansa. Akwai mai cewa dabinonsa Ajwa ce mai tsada alhali Safawi ce, kai kuma ka yi shiru, ba naka ba ne.

Abu ɗaya Ammu ya fi dukana a kai. Ba a tsayawa a jikin dabino. Ko kana hawa, ko kana sauka, ko ka shige cikin kansa ka zauna tsakanin rassa. In ka tsaya a ɗamara, tana danne maka baya, yatsun ƙafa suna ɗauke da sauran nauyin, jini ya daina zuwa. Ƙafa ba ta yi maka sallama in za ta tafi. Ko numfashi na tsaya yi sai ya jefe ni da busasshen dabino daga ƙasa.

"Motsa, ya walad. Ba masallaci kake ba."

Gonar Alhaji Bature tana kan hanyar Badar, bayan an wuce iyakar harami. Can muka koma ni da Ammu bayan shekaru. A lokacin gwiwar Ammu ta riga ta lalace, ya bar hawa, yana kula da ban ruwa. Baƙo ba ya mallakar ƙasa a nan, saboda haka gonar da sunan wani abokin Alhaji ɗan Madina take, shi yana haya. Larabawa na ce masa Lurd. Sarauta ce ta gado a Ingila. Direbansa, wanda ya taɓa raka shi can, ya ce ƙauyuka ne sukutum a cikin ƙasarsa, da daji, da tafki, da gidan da wasu ɗakunansa ba a buɗe ba tun zamanin kakansa. Ya ce hotunan kakanni ne jere a bango, kowa da takobi da kare. Ya ce rufin gidan kullum yoyo yake, kullum ana sayar da wani abu don a gyara shi.

Alhaji ya musulunta da girma, bayan rasuwar matarsa. Sanyin kowace shekara a Madina yake yin sa. Dogo ne, ya ranƙwafa, yana sa jallabiya da wata tsohuwar kwat mai faci a gwiwar hannu. Shi da kansa ba ya zane, ba ya sassaƙa, ba ya rubutu. Masu yi yake ciyarwa. Ya gina ɗakuna a ƙarshen gonar, kowace shekara su cika: mai rubutun ayoyi daga Turkiyya, mai sassaƙa ƙofa daga Maroko, masu zane daga ko'ina. Su ci, su sha, su yi abin da suka ga dama, ya saya. Ya taɓa ce mini aikin gidansu ke nan tun da can, wasu su yi, su kuma su biya. Yanzu ya rasu, yana Baƙi'a kamar yadda ya roƙa. Allah ya jiƙansa.

Bai taɓa ba da umarni ba. Larabcinsa na littafi ne, a hankali, kuma komai sai ya ce in ba damuwa. Wakilin gonar, Abu Nayif, shi ke mayar da in ba damuwa ta zama dole.

Shekarar susa ita ce mummunar shekara. Jan ƙwaro ne, yana shiga cikin itacen ya cinye shi daga ciki. Waje lafiya lau, ciki gari. In ka kanga kunne za ka ji shi yana tauna. Ma'aikatan gwamnati suka riƙa zuwa suna shafa jan fenti, duk wanda aka shafa wa a sare shi a ƙone. Hayaƙi bai yanke ba daga gonakin da ke kewaye da mu. Itace ya ragu, masu hawa suka yi yawa. Ana ta yi wa mutane huruj, wato fita ba dawowa. Iƙamata, takardar zamana a ƙasar, ta kusa ƙarewa. Ina da mata da yara a ɗaki ɗaya a unguwar Sih cikin Madina, yaran a nan aka haife su, ba su san ko'ina ba. Abu Nayif ya tara mu ya ce ba duka za a sabunta wa ba. Ya ce zai duba ya ga wa ke da ƙarfi. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara yin tari a gabansa.

Cikin wannan hali aka kawo wani mai zane daga ƙasar Alhaji, siriri, mai jan wuya, ba ya jin Larabci. Ya zaga gonar ya tsaya a gaban dogon dabinon. Tsohuwar mace ce irin Barni a bakin rijiya, ta fi duk na gonar tsawo, ta ɗan karkata, karab ɗinta na ƙasa duk sun siɗe. Ni kaɗai ke hawanta. Alhaji ya kira ni.

"Haruna, wannan baƙon yana so ya zana itacen nan kafin ƙwaro ya iso shi. Yana so da mutum a jiki. Ba fuska ba, daga nesa. In ba damuwa."

Abu Nayif yana bayansa. Ya ce, "Ba damuwa."

Na ɗaura ɗamara, na soke furen namiji a bayana, tunda dama lokacin aurenta ya yi. Na hau. Da na kusa kai zan shige cikin rassa, sai na ji Alhaji daga ƙasa.

"Nan, nan. Ya ce nan ya fi. Ka ɗan jingina baya. Ka ɗaga laujen. Haka."

Na tsaya. A ɗamara, ƙarƙashin kan, hannu ɗaya sama.

Na ɗauka abin na ɗan lokaci ne, kamar ɗaukar hoto. Ban taɓa ganin yadda ake zane ba. Mutumin ya kafa allonsa, ya zauna, ya tashi, ya ja kujera, ya runtse ido ɗaya. Aka kawo musu shayi. Na ɗan sauya ƙafa, ya ɗaga hannu ya yi magana, Alhaji ya fassara: in ba damuwa, kada in motsa, inuwar tana lalacewa.

Rana ta taso. Da farko yatsun ƙafa suka yi zafi. Wannan ba komai. Sai suka fara kamar tururuwa na bi. Wannan ma na sani. Alhaji ya matso gindin itacen, ya sa hannu a goshi.

"Haruna, ka gaji? In ka gaji ka sauko, gobe ma rana ce."

Da gaske yake. Na san da gaske yake. Amma a wurinmu mutum sa'an ubanka, wanda kake ci a ƙarƙashinsa, ba ya tambayarka ka ce masa ka gaji. Ba a yi. Ga kuma Abu Nayif ya ɗaga kai yana jiran amsar.

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Alhaji ya koma kujerarsa. A wurinsu in mutum ya ce lafiya, lafiya ce. Ya sake tambaya bayan wani lokaci, na sake ba shi amsa ɗaya. Ya juya ya ce wa Abu Nayif, "Ka ga mutum." Abu Nayif ya gyaɗa kai. Na ji daɗin wannan gyaɗa kan, na ƙara tsayawa.

Sai tururuwar ta daina. Zafin ma ya daina. Na duba ƙasa na ga ƙafafuna a kan karab, amma kamar na wani. Na ce wa babban yatsa ya motsa. Bai motsa ba.

Ga yadda abin yake, don ku gane. In za ka sauka dole ka saki bayanka daga ɗamara, ka tsaya da ƙafa kaɗai na ƙiftawar ido, ka sauke igiyar. In ƙafa ba ta nan, igiyar ta saki, kai ma ka saki. Hawa sama cikin rassan ma haka ne. In kuma na yi kira, Abu Nayif ya ga mai hawan da aka sauko da shi kamar buhu, shi ke nan, na san inda takardata ta nufa. Iskar hantsi ta fara. Itacen ya soma lilo a hankali. Na sauke laujen ƙasa-ƙasa don hannun ma ya gaji.

Ammu ya zo wucewa da shebur a kafaɗa. Ya tsaya ya duba sama. Ya yi magana da Hausa, wadda ba mai ji sai ni.

"Ɗan Nijar, an naɗa ka sarki ne a can?"

Ya matso gindin itacen.

"Kaɗa mini ƙafar dama."

Ban kaɗa ba.

Ya ajiye shebur. Ya je ɗakinsa ya fito da tsohuwar ɗamararsa, wadda ta yi shekaru a ƙusa. Na ga ya ja ta da hannu biyu, ya sa haƙori a ƙullin. Abu Nayif ya ce ina za shi.

"Wannan sakaran ya manta zaren ɗauri. Zan kai masa."

"Da wannan gwiwar?"

"Ita ta koya masa."

Mutum biyu ba sa hawa tsohon dabino. Kowa a gonar ya san haka, ban da baƙin. Mai zanen ma murna ya yi, na ga ya canza takarda da sauri. Ammu yana hawa ina jin kowane takunsa a bayana, don itacen yana amsawa. A wurin da karab suka siɗe ya zame sau ɗaya. Ya tsaya, ya yi salati, ya ci gaba. Ina jin numfashinsa tun yana nesa.

Ya iso ƙarƙashina. Bai dube ni ba. Ya zaro ƙaya daga hularsa ya caka mini a tafin ƙafa.

"Ka ji?"

"A'a."

"Shekara nawa ina jifan ka?"

"Ammu, bari sai mun sauka."

"In mun sauka."

Ya kama ƙwaurina yana murzawa, yana duka da gefen hannu, yana lanƙwasa yatsun, ɗaya hannun yana riƙe da igiyarsa. Iska ta ƙaru. Can sama cikin kan itacen wani abu ya yi ƙara, kamar an taka busasshen kara. Duk muka ɗaga kai. Ya ci gaba da murza. Ya sake cakawa. A ta hagu na ji wani abu daga nesa. A ta dama babu.

"Hagu ta dawo kaɗan."

"Ta isa. Damar ka ɗora a kafaɗata. In na ce saki, ka saki. Kada ka yi tunani, ba ka iya ba."

Ya ɗauki ƙafar da hannunsa ya ɗora a kafaɗarsa. Ya ce saki. Na saki. Igiyar ta sauka, ta kama. Ya sauka taki ɗaya, ya sake jawo ƙafar, ya ce saki. Haka muka yi ta yi. Nauyina rabi a kan tsoho mai gwiwa ɗaya. Wajen tsakiya jinin ya dawo gaba ɗaya, kamar an zuba mini garwashi a cikin ƙashi. Na cije rigata. A wurin sulɓin nan ya ce in dakata, ya kifa goshinsa a jikin itacen, ya daɗe. Rigarsa ta jiƙe. Sannan ya ce saki.

Da muka taɓa ƙasa shi ya miƙe tsaye. Ni na yi niyyar tsayawa, ƙafar ta ƙi, na zauna kamar ina kwance igiya. Mai zanen yana tafi. Alhaji ya taho yana murmushi, sai ya ga tafin ƙafata da jini. Ya durƙusa a cikin taɓon ban ruwa da farar jallabiyarsa, ya taɓa ƙafar, ya ji ta da sanyi. Fuskarsa ta canza.

"Na tambaye ka."

"Ka tambaya."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ammu ya ce, "Ya Lurd, ba ya faɗa. Ni ma ba zan faɗa ba."

Alhaji ya miƙe. Ranar ce na fara jin ya yi magana ba in ba damuwa. Ya ce wa Abu Nayif, "Wannan mutumin ba zai ƙara hawa itace a gonata ba. Na kusa kashe shi don hoto. A ba shi aiki a ƙasa." Ya juya ya tafi ɗakinsa, bai fito cin abinci ba.

Shi a ganinsa alheri ya yi mini. Da la'asar Abu Nayif ya same ni a bakin rijiya. Bai ɗaga murya ba, ba mugu ba ne. Ya ce ƙofa da mai ita, ban ruwa da mai shi, kicin da mai shi. Ya ce takardata ta mai hawa ce. Ya ce Lurd ya hana ni hawa, shi kuma ba zai sabunta wa mai hawan da ba ya hawa ba. Ya ce in fara gaya wa iyalina.

Ban gaya musu ba. Ban ma je Sih ba ranar. Ammu yana kwance, gwiwarsa ta kumbura kamar ƙwarya, na dafa masa ruwan zafi.

Ya ce, "An aurar da ita?"

"Wa?"

"Barnin. Ka hau, ka yi sarauta, ka sauko. An aurar da ita?"

"A'a."

"To."

Bayan sallar asuba na duba ɗamarata, na yanko sabon fure. Ƙafar dama tana jin ƙasa amma kamar ta cikin bargo. Na tsaya a gindin itacen. Ban taɓa jin tsawonsa ba sai ranar. Na wurga igiya. Na haye wurin sulɓin, na ci gaba. Na wuce inda na tsaya jiya ban dube shi ba, na shige cikin rassa na zauna. Na duba inda ya yi ƙara, tsohon reshe ne ya tsage, ba susa. Na fara buɗe furen.

Alhaji yakan zaga gonar da sandarsa in gari ya waye. Na ga kwat ɗinsa tun daga nesa. Abu Nayif yana biye da shi. Suka tsaya a ƙasa.

"Haruna. Na ce kada ka hau."

"Ka ce."

"Sauko."

"In na gama."

"Ba na so jininka a kaina."

"Ya Lurd, wanda ba ya hawa ba ya zama a gonar nan. Tambayi wakilinka."

Ya juya ya dubi Abu Nayif. Daga sama ban ji abin da suka ce ba. Na ga Abu Nayif yana buɗe hannuwa yana bayani, yana nuna ƙofa, yana nuna rijiya. Na ga Alhaji ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya jingina sandarsa, ya zauna a kan bakin rijiyar, ya naɗe hannu.

Ban yi sauri ba. Na cusa kowane fure, na ɗaure, na share ƙayar da ta rage. Na sauko da ƙafata, ba kafaɗar kowa. Na kwance ɗamara na tsaya a gabansa. 

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Bai tambaye ni ko na gaji ba. Ya ce wa Abu Nayif a kai takardata yau, da ta Ammu, kafin ofis ya tashi. Sannan ya ɗauki sandarsa ya nuna layin Safawi da ke bayan rijiya.

"Waɗancan fa?"

Na ce, "Furensu bai buɗe ba. Sai jibi."